Rasuwar Mai Jan Kallabi, Taksin Malam Ƙasimu na Bukoki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma ba ta sa ran samun sauƙi nan kusa, Malam Ƙasimu mutumin Tawa, direban taksi mazaunin unguwar Bukoki a nan Yamai, yana sanar da ƴan uwa da abokan sana'a da duk wanda ya taɓa ɗaga masa hannu a bakin titi, rasuwar motarsa wadda aka fi sani da Mai Jan Kallabi. Ta cika ranar Talatar da ta wuce, tsakanin azahar da la'asar, a kan hanyar dawowa daga Tondibiya, tana ɗauke da mata uku da buhunan zogale da kwandunan mangwaro. Ta rasu tana da shekara talatin da biyar a duniya, ashirin da shida daga ciki a hannunsa.

Wanda bai san ta da suna ba ya san ta da ido. Fara ce mai jan rufi kamar sauran taksin garin, sai dai nata jan ya sha rana har ya koɗe, ya koma kamar kallabin da aka daɗe ana wankewa, shi ya sa matan kasuwa suka laƙaba mata sunan. Ta yi ƙuruciyarta a Turai wurin mutanen da ba mu sani ba, ta sauka daga jirgin ruwa a Kwatano, aka koro ta har Yamai. Lokacin Malam Ƙasimu ya shekara goma sha biyar yana tuƙa motocin wasu. Ranar da ta zama tasa bai ɗauki fasinja ko ɗaya ba. Garajin amininsa Halidu bakanike ya wuce da ita, suka kwance injin ɗaya bayan ɗaya suka shimfiɗa a kan tabarma, ba don wani abu ya lalace ba, sai don ya ce ba zai zauna da abin da bai san cikinsa ba.

Tun daga nan ya zama malamin inji a tashar taksi ta bakin kasuwar Katako. In direbobi suka taru shan shayi, sabon shiga ya yi tambaya, sai a ce masa ya je wurin Malam Ƙasimu. Shi kuwa bayaninsa ɗaya ne, bai taɓa sauya shi ba. Yakan ce a cikin injin nan turmi huɗu ne, kowanne da taɓaryarsa, ita ce fiston. Taɓarya ta sauka, turmi ya shaƙi iska da esansi, wato fetur. Ta hau, ta matse su wuri ɗaya. Buji ya ƙyasta wuta, abin ya kama, ƙarfin wutar ya kora taɓarya ƙasa. Ta sake hawa, ta ture hayaƙin waje. Haka huɗun suke yi bi da bi kamar mata masu lugude, wannan na sauka wannan na tashi, kuma luguden ne ke juya ƙarfen da ke juya ƙafafu.

"To ka ji wuta ce a ciki," yakan ce, yana ɗaga yatsa. "Wuta ta gaske, sau dubbai a minti guda. Abu biyu ne suka hana ƙarfen nan cin kansa: mai da ruwa. Mai yana shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada su goge juna. Ruwa yana zagaya turaman ya kwaso zafi, ya kai radiyata, iska ta huce shi, ya dawo. Ka rasa ɗaya daga cikinsu, ka rasa mota. Allurar zafin nan da ke gabanka, ita ce bakin injin. In ta tashi, tsaya. Ba a ce ka ƙarasa kwana ba, tsaya nan take."

Abin da ya koya wa mutane shi ya yi wa marigayiyar. Kowace safiya in ya dawo daga masallaci, kafin ya taɓa makulli, sai ya durƙusa ya duba ƙasan da ta kwana a kai, ko akwai ɗigon mai ko na ruwa. Ya zaro sandar awon mai ya goge da farin tsumma, ya mayar, ya sake zarowa, ya murza man tsakanin yatsunsa, har ya sunsuna. Ya buɗe murfin radiyata tun inji na da sanyi ya cika ruwa. Da zafi kam ba ya buɗewa ko da wa ya roƙe shi, don ya ga yadda tafasasshen ruwa ya yi wa fuskar abokinsa Moussa a kan hanyar Doso. Agogon kilomita ya daɗe da mutuwa, saboda haka da Juma'a yake lissafi: kowace Juma'a ta shida a yi bidanj, a zubar da tsohon mai, a sauya matatarsa, a zuba sabo iri ɗaya da na jiya. Matatar iska kuwa duk mako sai ya cire ta ya kakkaɓe, saboda yashin lungunan Bukoki ba ya jin kunyar shiga inji. In larura ta sa ya sayi esansin kwalba a bakin hanya, sai an tace da ƙyalle a gabansa. Kuma ba ya taka ta da sanyin safiya. Yakan tayar da ita ya bar ta tana ɗumi, shi kuma ya sha kokonsa a tsaye.

Ita ma ba ta ci amanarsa ba. Maƙwabta za su daɗe suna tuna muryarta ta safe: ƙyar-ƙyar-ƙyar, sai ta ɗan yi shiru kamar mai tunani, sannan gurrr. Da wannan muryar matan layin suke sanin lokacin ɗora tukunya ya yi. In ta sauko daga gadar Kennedy ta kama hawan Gaweye da cikakken kaya, takan yi wani nishi mai tsawo, hmmm, amma ba ta taɓa tsayawa a tsakiyar hawan ta kunyata shi ba. Ta kai masu naƙuda likita, ta dawo da su da jarirai. Ta ɗauki amare da gawa da ragunan layya. Shekarar da kogin Isa ya cika ya shiga gidajen Harobanda, kwana huɗu tana jigilar katifu da tsofaffi, ruwa har gindin ƙofa, ba ta ko yi tari ba. Daga bayanta aka ci aka sha a gidan Malam Ƙasimu, daga bayanta ɗiyarsa Balkissa ta yi karatu har ta zama malamar lakwal, wato makarantar boko. Tana da nata halin, ba a ɓoye ba. Ƙofar baya ta hagu ba ta buɗuwa sai daga waje, kuma in damina ta yi nisa takan so a ɗan tura ta. Wannan kaɗai aka sani.

Game da ciwon ajalinta, Malam Ƙasimu ya nemi a rubuta gaskiya, ko da ba ta yi masa daɗi ba. Ciwon ba a jikinta ya fara ba. A idonsa ya fara.

Shekara uku ke nan da ya lura gefen duniya yana guduwa. Abin da ke gabansa sak yana gani, amma na dama da na hagu sai su ɓace, kamar mai leƙe ta cikin bututu, kuma bututun kullum ƙara matsewa yake. Babu zafi, babu ja, babu abin da wani zai gani ya tambaya. Bai gaya wa kowa ba. Ya san abin da faɗa ke nufi ga direba. Sai ya shiga dabaru. Ya daina fita bayan la'asar sakaliya, ya ce fasinjan yamma sun cika rigima. Ya bar shiga tsakiyar gari inda ƴan kabu-kabu ke fitowa ta ko'ina. Da Adama, wata Bazabarma mai sarin kayan lambu, ta nemi motar da za ta riƙa kai ta da abokan sana'arta Tondibiya tana dawo da su, ya karɓa hannu biyu, don hanyar miƙaƙƙiya ce kuma ya san kowane raminta.

Amma akwai abin da dabara ba ta gyara ba. A da idonsa na kan titi, gefen idon na kan allurar zafi. Yanzu in zai ga allurar sai ya sunkuyar da kai gaba ɗaya, in ya sunkuyar kuwa titi ya ɓace masa. Tsakanin allura da ran mutane ya zaɓi titi, ya bar allurar. Da safe bai fasa durƙusawa a gindin motar ba, don kada matarsa Mariyam ta ga sauyi, amma inuwar ƙarƙashin mota ta zame masa baƙi ƙirin, ko tafki ne a wurin ba zai gani ba. Ashe tiyon da ke ɗauko ruwa daga ƙasan radiyata ya tsufa ya tsage, yana ɗiga. Hannunsa ya gaya masa, don a makonnin ƙarshe motar ta riƙa shan ruwa fiye da yadda ta saba, buta ɗaya ta koma biyu. Ya san ma'anar haka sarai, shi da ya koya wa wasu. Amma zuwa wurin Halidu yana nufin su sunkuya tare a kan inji, Halidu ya ce masa "duba nan", shi kuma ya rasa inda nan yake. Sai ya ce gobe. Goben ta yi ta zuwa tana wucewa.

Ranar Talatar rana ta buɗe sosai, irin ta watan Afrilu da kwalta ke yin laushi. Sun yi lodi a bakin lambunan Tondibiya, Adama a gaba da kwando a cinya, sauran biyun a baya, suna ta hira da Zabarmanci. Bayan sun wuce Kubiya tsagar tiyon ta buɗe gaba ɗaya, ruwan ya zube a titi. Wata babbar motar yashi ce a gabansu tana ruri, ta danne masa duk wani sauti. Adama ce ta fara magana.

"Baba Ƙasimu, wannan jar wutar da ta kama a gabanka, ta ado ce?"

A daidai lokacin ya ji warin ƙarfe mai zafi, sannan ya ji muryar da bai taɓa ji daga bakinta ba: ƙwas-ƙwas-ƙwas, daga can cikin turaman. Ya san abin yi. Sau ɗari ya faɗa wa wasu. Amma yana jin ƙarar babura ta damansa, ba ya ganinsu, ba ya ganin inda kwalta ta ƙare. In ya karya kan mota ya sauka, zai iya hawa kan wani. Sai ya ci gaba a hankali, yana juya kai, yana lalube da ɗan abin da ya rage masa na gani, har ya tabbata babu kowa. Tafiyar ba ta fi ta tsawon filin ƙwallo uku ba. Ita ce ta kashe ta. Tana sauka gefen titi ta yi gaf, sau ɗaya, sai shiru.

Ya fito ya ɗaga murfin inji, tururi ya taso da wani siririn kuka, siii, har ya ƙare. Bai taɓa komai ba. Ya zauna a ƙasa ya jingina da tayar gaba. Matan suka sauke kayansu suka tsayar da wata motar. Kafin ta shiga, Adama ta dawo ta tsaya a kansa.

"Kala suru, Baba," ta ce da Zabarmanci, wato sai haƙuri. "Ai gyaruwa za ta yi, ko?"

Ya ce mata, "Ki je, Adama, kada zogalenki ya yi yaushi."

Da yamma aka ja ta zuwa garajin Halidu. Washegari aka buɗe. Man da aka zubar ya fito kamar shayi da madara, alamar sauran ruwan ya haɗu da shi. Kilas, wato murfin da ke rufe kan turaman, ya lanƙwashe da zafi. Fiston biyu sun kumbura sun manne a wurinsu, ko da guduma ba su motsa ba. Gangar jikin injin kanta ta tsage. Halidu ya daɗe yana goge hannu da tsumma kafin ya yi magana.

"Ƙasimu, da wani ne ya kawo mini wannan, da na zage shi. Tiyon nan ya fi wata yana ɗiga, ga farin sawun ruwa nan har ƙasa. Kai da ke durƙusa mata kowace safiya?"

Halidu ya miƙo masa tsagaggen tiyon daga gefen dama, ya riƙe shi nan kusa da kafaɗarsa. Hannun Malam bai tashi ba. Halidu ya kaɗa tiyon. Malam bai waiwaya ba. Sai Halidu ya zagayo ya tsaya a gabansa, ya dube shi cikin ido.

"Tun yaushe?"

"Shekara uku."

"Shekara uku kana ɗaukar matan mutane da ƴaƴansu?" in ji Halidu. "Inji na hannu ana samu a Katako, in an nema. Amma wallahi ko kyauta aka ba ni, ba ni ɗaura maka shi. Ka gode wa Allah ƙarfe ne ya mutu a hannunka."

"Na gode masa," in ji Malam Ƙasimu. "Ita ta ɗauke wa wani."

Ranar Alhamis Balkissa ta nemi izini a lakwal ta kai shi wurin likitan ido. Aka auna, aka haska, aka ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cin jijiyar gani a ɓoye. Abin da ya tafi ya tafi, ba aiki ba tabarau. Akwai maganin ɗigawa safe da yamma, wanda zai iya riƙe ragowar na wani lokaci, in an dace. Likitan ya ce da an zo tun farko da an ceci da yawa. Malam Ƙasimu ya yi ɗan murmushi da ya ji haka, don kalmar da ya saba faɗa wa masu kawo mota bayan ta ƙone ke nan.

Da suka dawo gida ya zauna ya shirya yadda zai gaya wa Mariyam. Ba ta bari ya gama ba.

"Na sani tun bara, Malam," ta ce. "Ina ajiye maka kwano a gefenka, ka yi ta jiran abinci. Kana fita ina bin ka da addu'a har ka dawo."

"Me ya hana ki magana?"

"In na yi magana ka ajiye mota, me za mu ci? Na yi shiru, kai ma ka yi shiru. Allah ya yafe mana mu duka."

Marigayiyar ta bar tayoyi huɗu da ba uwarsu ɗaya ba, da ta sukur, wato safaya, wadda ba ta taɓa ƙasa ba tun bara. Ta bar batir mai wata shida, da sauran ƙarfinsa, wanda Moussa ya riga ya nuna sha'awar riƙonsa. Ta bar galan ɗin mai da aka saya don bidanj na Juma'a mai zuwa, ba a ko buɗe shi ba. Ta bar Adama da abokan sana'arta, waɗanda suka samu wata motar tun ranar Laraba, kuma ba a ga laifinsu ba, kayan lambu ba ya jira. Ta bar Mariyam, da Balkissa wadda albashinta na malanta zai ɗauki gida biyu daga yanzu. Ta kuma bar Malam Ƙasimu, mai shekara sittin da uku, wanda bai iya wata sana'a ba, da permi, wato lasin tuƙi, a aljihu da sauran shekara biyu a kansa.

Ana godiya ga abokan tasha da suka zo da shawarar a haɗa hannu a nemo masa wata motar ya riƙa tuƙawa. Ana roƙonsu su bar maganar. Ana kuma roƙon direbobi, musamman waɗanda suka sha shayi a gabansa, duk wanda ya ga motarsa ta fara shan ruwa fiye da ƙa'ida ya kai ta a duba ranar, kuma duk wanda ya ga wani abu ya sauya a jikinsa ya yi haka nan.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi da hantsi, in Allah ya kai mu. Liman ya riga ya yi bayani cewa ba a yi wa ƙarfe salla, kuma iyalin sun gamsu. Za a tashi daga garajin Halidu, a ja ta da sandar ƙarfe a bayan motarsa, a biyo ta ƙofar gida a Bukoki don matan layi su gan ta, sannan a wuce wurin masu yankan tsofaffin motoci a bayan Katako, inda za a raba ta. Malam Ƙasimu ya roƙi a bar shi ya riƙe bolan, wato sitiyari, a wannan tafiyar. Halidu ya ƙi, daga baya ya yarda, da sharaɗin Balkissa ta zauna a gefensa tana gaya masa dama da hagu. Mai son rakiya ya zo da ƙafa, ba za a yi saurin da zai wuce shi ba.

Zaman karɓar gaisuwa a ƙofar gidan ne, a kan benci, ƙarƙashin itacen bedi. Ba a yanke kwana uku ko bakwai ko arba'in ba. Duk ranar da mutum ya samu sarari ya zo, zai tarar da Malam Ƙasimu a wurin. Abu ɗaya ake roƙon mai zuwa: kada ya tsaya a gefe. Ya zo daidai gabansa, ya yi sallama, ya faɗi sunansa.